MAKAƊA SUN YI AIKINSU, MU FA?

Ya 'yan'uwa Musulmi, kogin Kwara da ya ratsa ƙasar Bagudo shi ne dai ya baro Yamai, ya bi ta Gaya da Malanbil kafin ya iso Lolo. Abin da aka kaɗa a can kuwa ba ya neman izinin jami'in kan iyaka a Tsamiya. Cikin wayar ɗan kabu-kabu yake tsallakowa.

Mu ɗauki misalin makaɗan jita na Tal National, waɗanda suka kafu a Yamai cikin 2000. Da suka tashi yin faifansu na biyu, A-Na Waya, a 2008, sai da suka ɗauko gwanin ɗaukar sauti, Jamie Carter, tun daga Shikago ta Amurka, don kada muryarsu ta fito a dushe. Da hannunsu suka riƙa tallar faifai a shataletalen birnin. Sukan kwashe awa biyar suna kiɗa a dare guda, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. A 2013 kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu Kaani ga duniya.

Matsayinmu game da kiɗa ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya san fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa aya ta 6 ta Suratu Luƙman, kuma a kanta muke. Amma yau da kanmu muke magana. Mu da muke cewa gaskiya muke ɗauke da ita, yaya muke isar da ita? Lasifika mai ƙara kamar ana yayyaga zane, wa'azin da aka ɗauka cikin hayaniya, rabinsa zagin wani malami! Ɗan'uwanmu Badandi ko Bazabarme ko Bafulatani da ke zaune tsakaninmu, sau nawa muka karantar da shi da harshen mahaifiyarsa? Makaɗi ya koyi harshensa don ya sa shi rawa, mu kuwa mun kasa koyo don mu gyara masa alwala.

Tsinuwa a kan mumbari ba ta cike gurbin da muka bari a kunnen yaro. Muna kira ga kowane reshe ya sayi na'ura mai kyau, ya horar da matasa ɗaukar karatu, ya nemo masu fassara. In ba mu yi ba, kada mu zargi kowa.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta, amin.