Tsohon Takalmi Da Amanar Kasuwa

Duk wanda ya yi sammako a karkarar Gidan Amumune zai gamu da su: samari uku ko huɗu suna sassarfa cikin rairayi bayan sallar asuba. Wasu shirin ɗaukar soja ko jandarma suke yi, wasu kuwa 'yan kokowa ne masu tara numfashi kafin kaka. Ka dubi ƙafafunsu, yawanci kambas ɗin gwanjo ne, wanda wani ya sa a Turai ko Amurka ya gaji, aka ɗaure a dila, ya sauka Kwatano ko Lome, ya iso Maraɗi, daga nan ya bazu kasuwannin Tasawa da Mayahi.

A da, duk wanda ya shiga ƙafa shi ake ɗauka. Yanzu saurayi yakan ciro waya ya nuna wa mai gwanjo hoto, ya ce irin wannan yake so, tsohon yayi wanda kamfani ya daina yi. Wannan ƙishirwa ba a nan ta fara ba. A 2019, a gidan gwanjon Sotheby's, an sayar da wani takalmin gudu na Nike da aka ɗinka a 1972 kan dalar Amurka 437,500. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗaga darajarsa shi ne ba a taɓa sa shi ba.

Ban ga laifin mai gudun da ke neman tsohon samfuri ba. Kamfanoni suna sauya fasali kusan kowace shekara, alhali ƙafar mutum tana nan yadda Allah ya yi ta. Wanda ya samu takalmin da bai matse masa yatsu ba, bai ci masa dunduniya ba, in ya bi kasuwa-kasuwa yana cigiyar irinsa, hankali ya yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Damuwata ta taso ne daga cikin gidanmu. Ɗan ƙanwata ya sayar da geron da ya noma a gayaunarsa, ya kai jika goma sha biyar ga wani mai gwanjo, ya dawo da kambas fari tas mai babban suna. Kwana huɗu ya yi yana gudu da shi. Ran na biyar ya shigo riƙe da takalmin a hannu, ƙarangiya ta cika masa safa, ya ce, "Kawu, dubi abin da ya same ni." Na danna ƙasan da babban yatsa, sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Dalilin a fili yake. Soson da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasa yana tsufa ko ba a taka shi ba. Wani nau'insa laimar iska ce ke cinye shi sannu a hankali, gam ɗin da ya riƙe shi kuma ya bushe, ga zafin rumfar kwano. Ko sabo ne, masana harkar gudu sukan ba da shawarar a sauya shi bayan kilomita 500 zuwa 800. To, ina ga wanda ya shekara goma a ajiye? Samansa yana sheƙi, ƙasansa ya mutu. Kyan ɗan maciji ke nan.

Mai gwanjon da ya shekara yana buɗe dila ya san wannan sarai. Hannunsa kawai zai sa ya gane mataccen takalmi. Ya ga yaro ya zo da kuɗin guminsa, ya yi shiru don suna ya rufe aibi, wannan ha'inci ne, kuma addininmu ya hana ɓoye aibin haja. Da ya ce, "Ɗana, wannan na kwalliya ne, ba zai yi maka gudu ba," da ya rasa cinikin yini ɗaya ya samu abokin ciniki na shekaru.

Ku ma samari, da sauran magana a kanku. Da yawanku ba daɗin ƙafa kuke bi ba, so kuke a gani a fada a yaba. Ku tuna Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Bayan shekara huɗu ya sake lashewa a Tokiyo, wannan karon da takalmi. Horon da ya yi shi ya kai shi duka biyun.

In za ku saya, ku lanƙwasa takalmin, ku danna ƙasansa, ku duba bakin gam, ku sa ku taka a gaban mai shi, sannan ku tambaye shi tsakaninsa da Allah.

Ɗan ƙanwata yanzu da wani kambas mara suna yake fita, wanda mai gyaran takalma ya bi gefensa da zare. Jiya da asuba na ji wucewarsa ta bayan danga, shi ne a gaba.