Kafin Ku Karɓe Makullin Sito

'Yan'uwa manoma, ran da ƙungiyar gama kai ta ɗauki mai tsaron sito, ko direban tarakta, ko mai injin niƙa, tana biyansa ƙarshen wata, to, doka tana dubanta kamar yadda take duban kamfani. Yawancinmu mun manta da wannan. Buhu biyu na taki ya ɓace, kwamiti ya zauna bayan sujada, a ce wa mutum ya kawo makulli, a kuma riƙe albashinsa. Ba a ji ta bakinsa ba, ba a rubuta kome ba.

A dā mai ɗaukan ma'aikaci yana da ƙarfi ƙwarai. A 1993, cikin shari'ar wani ma'aikaci da kamfanin Shell, Kotun Ƙoli ta ce ana iya sallamar mutum da dalili ko ba dalili, muddin an ba shi notis ko kuɗin notis. Amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa shari'un aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ya kuma ba ta iko ta duba yadda ake yi a sauran duniya. A 2015 wannan kotu ta ce wa bankin Diamond na lokacin sallama ba tare da dalili ba rashin adalci ne. A 2020 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa wata mata da kamfanin Sahara Energy ya kora albashin shekara 2 cur. Lauyoyi suna ta gardama a kai har yanzu. Mu dai a ganinmu kotun ta yi daidai, gama wanda aka kora da zargin sata a ƙauye ba albashi kaɗai ya rasa ba, har sunansa da na 'ya'yansa.

Wani zai ce, ai mu ba banki ba ne, ina muka ga kuɗin lauya? Abin da Dokar Ƙwadago ta 1974 take nema bai wuce takarda da biro ba. Kafin mutum ya cika wata 3 a aiki, a ba shi takarda mai nuna aikinsa da albashinsa. In za a sallame shi, notis na mako 1 ne in ya wuce wata 3, mako 2 in ya kai shekara 2, wata 1 in ya kai shekara 5, kuma a rubuce. Yanke albashi saboda hasara kuwa, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Wanda aka tabbatar ya yi sata ana iya korarsa nan take, amma a tabbatar tukuna, a kira shi ya faɗi nasa.

Mun san abin da yake hana rubutu, watau kunya. Sau da yawa mai sito ɗan ƙanen shugaba ne, ko ɗan mawaƙa, sai a ce tsakanin 'yan'uwa cikin Ubangiji mene ne na takarda? Amma ran da rigima ta tashi, alƙali a Jos ko Kaduna ko Yola takarda zai tambaya, dattawan ekklesiya ma da ita za su fi sauƙin sulhu.

A taronku na gaba, bari magatakarda ya kawo sunayen dukan waɗanda ƙungiya take biya, da ranar da kowa ya fara aiki.