Wayar Baba Tana Kasuwa

Sana'ata rubuta manhaja, da ita nake cin abinci, don haka kada wani ya ce mai tsoron zamani ne ke magana. Ni da hannuna na kafa wa wata makarantar kuɗi dandalin karatu na intanet. Malami zai ɗora darasi da aikin gida, ɗalibi ya shiga daga gida ya karanta, washegari a haɗu a aji a ƙarasa. Ranar ƙaddamarwa an ci shinkafa, an sha lemo, an zuba hotuna a Facebook. Zango na gaba aka ƙara wa iyaye kuɗin makaranta.

Da zangon ya ƙare na buɗe rajistar da manhajar ke ajiyewa, wadda ke nuna wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Yawancin yara sau ɗaya suka taɓa leƙawa, ranar da aka ba su lambar sirri. 'Yan kaɗan da suka ɗore kuwa sai bayan isha'i suke shiga. Da na bincika, sai na tarar waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun Baba a kasuwa tun safe. In ya dawo da dare, cajinta ya kusa ƙarewa, ga yara huɗu suna jira. Na ga sunan wata yarinya da manhajar ta ba sifili saboda ba ta miƙa aiki kafin ƙarfe shida na yamma ba. Ni na rubuta wannan ƙa'idar ta ƙarfe shida. Har yau abin na damuna.

Abin da nake cewa shi ne, yadda makarantunmu ke sayen waɗannan dandali zalunci ne sanye da rigar ci gaba. Waɗanda suka tsara su sun ɗauka kowane yaro na da na'urarsa, da wutar lantarki, da datar da ba ta ƙarewa. Mu kuma muka kwaso su yadda suke, muka ɗora wa ɗan da ke karatu da fitilar caji. Wanda ubansa ke da hali ya samu aji biyu, na makaranta da na waya. Ɗan talaka ya samu rabin aji, domin malami yanzu cewa yake, "Sauran bayanin yana kan dandali."

Iyaye, ku san abin da kuke biya. Moodle, ɗaya daga cikin dandalan da aka fi amfani da su a duniya, kyauta ne tun da Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar da shi a 2002. Kowa na iya sauke shi. Abin da ke cin kuɗi shi ne wurin ajiye shi a intanet, da mai kula da shi, da lokacin malamin da zai shirya darasi. To wannan na ƙarshen ne ba a biya. Malamin da ya wuni yana fama da aji cike, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, shi ake so ya koma gida ya naɗi bidiyo da datarsa. In bai yi ba a ce ba ya son koyo.

Za a ce mini ai duniya can ta nufa. Gaskiya ne. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzami ba an cuce shi. Sai dai maganin wannan shi ne ɗakin kwamfuta mai aiki a cikin makaranta, inda kowane yaro zai zauna ya taɓa da hannunsa. Tura shi gida ya nemi waya ba magani ba ne.

Mu tuna 2020. Da korona ta rufe makarantu a watan Maris, jihohi irin su Kano da Kaduna rediyo da talabijin suka koma, saboda su ne suke isa gidajen mutane. Darasin da muka kasa ɗauka ke nan. A fara da abin da ke hannun mutane. Bidiyon minti 10 kan iya cin megabait 50, muryar malami ta minti 10 kuwa ba sai ta wuce megabait 2 ba, kuma ana iya tura ta daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da data ba. Akwai manhajar Kolibri da aka gina don wuraren da babu intanet. Ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya a makaranta, ko da ƙaramar Raspberry Pi ce mai aiki da sola, sauran na'urori su ja darasi daga gare ta. Waɗannan ba sa kyau a hoton ƙaddamarwa, shi ya sa masu makaranta ba sa son jin su, mu masu kwangila ma ba mu cika ambatonsu ba.

Don haka in an kira ku taron iyaye da malamai aka kawo maganar dandali, ku yi tambaya uku. Yaron da babu waya a gidansu, ta ina zai samu darasin? Wa zai biya malami datarsa da lokacinsa? Za a nuna mana rajistar shiga a ƙarshen zango? In aka fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

'Yan'uwana masu rubuta manhaja kuma, kafin mu karɓi kwangila mu je mu ga gidan ɗalibi ɗaya da daddare. Ni dai na koma na cire ƙa'idar ƙarfe shida, amma sifilin yarinyar nan ya riga ya shiga takardar sakamakonta.