ZAUREN LAFIYA: Darasin da littafin kurkunu ya bar mana

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti a nan Tamale ya san ba a ganin likita sai an rubuta mutum: sunansa, shekarunsa, unguwarsu da abin da ke damunsa. Maganarmu ta wannan wata ita ce: ina wannan rubutu yake zuwa, kuma wane amfani yake komowa da shi Tishigu?

Manyanmu ba su manta da kurkunu ba. A 1989, da aka bi ƙauyuka aka ƙidaya, an sami kusan mutum 180,000 masu ɗauke da shi a Ghana. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yaƙe shi da shi, ƙyallen tace ruwa ne da ɗan littafi. A ƙauyuka aka naɗa 'yan sa-kai suna rubuta duk wanda tsutsar ta fito masa, kowane wata kuma a tattara lissafin. Inda aka ga adadi ya hau, can ma'aikata za su nufa, su raba ƙyalle, su zuba magani a tafki, su ɗaure ƙafar mai ciwo don kada ya shiga ruwa.

A 2007 lissafin ya nuna ciwon ya sake tashi a Savelugu, bayan ruwan famfo ya yanke, mutane suka koma ɗiban na tafki. Nan aka mai da ƙarfi. A watan Mayu na 2010 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Diare, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Ghana ta rabu da shi. Sirrin shi ne, an karanta abin da aka rubuta, an yi aiki da shi kafin wata ya zagayo.

To, yau rubutun ya fi na da yawa. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Ghana take tara rahoton asibitoci a kwamfuta, cikin tsarin da ake kira DHIMS2. Amma lissafin da ya hau sama bai sauko ba, wahalar banza ce ga nas ɗin da ta rubuta shi. Ga misali: akwai allurar da ake yi wa jariri sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14. Idan ma'aikata suka zauna ƙarshen wata suka gwada yawan yaran da suka karɓi ta farko da waɗanda suka karɓi ta uku, nan take za su ga nawa suka ɓace a hanya, da unguwar da suka fito. Sai a bi sawu a ji dalili: nisa ne, dogon layi ne, ko kuwa an yi wa uwa bayani da harshen da ba ta ji? Ba sai an kashe ko kwabo ba.

Mu ma da namu nauyin. Na farko, mutum ya tsaya kan suna ɗaya. Wanda yau Mamman ne, gobe Muhammadu, jibi Mohammed, ya zama mutum uku a littafi, tarihin ciwonsa ya watse. Na biyu, a daina zuwa asibiti da katin inshorar wani, don ciwonka zai hau kan sunan ɗan'uwanka. Na uku, iyaye mata su riƙe littafin uwa da ɗa, wanda aka haɗe wuri ɗaya tun 2018, su tafi da shi ko tafiya ta kama zuwa Kumasi ko Bawku. Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi: muna gaggauta jana'iza yadda addini ya koyar, amma idan mace ta rasu wajen haihuwa a gida, ko jariri ya koma, a sanar da ma'aikatan lafiya. Mutuwar da ba a rubuta ba, ba wanda zai binciki sanadinta, sai ta sake ɗaukar wata.

Muna kuma roƙon sarakunan Zango da limamai da wakilanmu na majalisar gari, su nemi a riƙa karanta wa jama'a lissafin unguwa, ko da sau biyu a shekara, da Hausa da Dagbani. Adadi muke nema ban da sunaye, don asirin mara lafiya amana ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an nuna masa lissafin zai san yawan ruwan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.