A Bar Direba Ya Yi Barci

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Wudil, ta ratsa Gaya, ta nufi Dutse, zai ga manyan motoci suna wucewa dare da rana, waɗansu da hatsi, waɗansu da shanu, waɗansu da siminti. Galibinmu ba mu kula da mutumin da ke riƙe da sitiyari sai ran da ya yi haɗari, sa'an nan mu ce ganganci ne. To, jama'a, kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san yadda kwanansa da tashinsa suke.

A zamanin En'e, manomin Balan da na ƙauyukan Ajingi in sun sayar da gyaɗa, iyakarta a kai ta Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, gama tun 1911 dogo ya iso Kano. Yau jirgi ya ja baya ƙwarai, kusan dukan nauyin ya koma kan mota. Buhun wake ko na gero da ya bar ƙasar Gaya, in dai kudu za shi, direba ne zai kai shi.

Ga yadda aikin yake. Direba ya kan yini a Dawanau, ko a karar Wudil ran Juma'a, yana jiran ɗan kamasho ya sama masa kaya. Sau da yawa ba a gama lodi sai bayan la'asar. Yaron mota ya ɗaure tamfol, a duba taya da birki da ruwa da baƙin mai, sa'an nan a kama hanya a lokacin da sauran mutane ke shirin kwanciya. Zariya, Kaduna, Tafa, Bida, Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi ta Ilori da Badun, kafin a shiga Ikko: tafiyar da ba ta kasa kilomita 1,000. Ga ramuka, ga shingaye, ga masu karɓar haraji iri iri, ga tsoron 'yan fashi. Salla a gefen hanya, abinci wurin mai tuwon tasha, barci kuwa ɗan abin da ya samu bisa tabarma a ƙarƙashin mota.

Me ya hana shi hutawa? Kayan da ya ɗauko ba su jira. Tumatir in ya kwana da yawa ruɓewa zai yi, saniya kuwa in ta gaji ta kwanta cikin mota, 'yan'uwanta za su tattake ta. Mai kaya yana ta bugo waya, mai mota yana ƙidaya kwanaki, kuma da yawa cikin direbobi samunsu gwargwadon sawun da suka yi ne. Saboda haka sai a koma ga goro da shayi, waɗansu har da ƙwayoyi. Amma barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Ƙyaftawar ido ɗaya ta isa ta hallaka direba da yaransa, da waɗanda suka hau bisa kaya, da bayin Allah masu tafiya a gefen titi.

Wanda ya raina wannan sana'a ya tuna da watan Fabrairu na 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, fataken abinci da na dabbobi suka tsai da kai kaya kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko, a arewa kuwa suka faɗi warwas a hannun manoma. Ashe tsayawar motan nan asarar kowa ce.

A ƙasashen Turai doka ta ƙayyade wa direban babbar mota tuƙin awa 9 a yini, kuma bayan awa huɗu da rabi wajibi ne ya huta minti 45, da na'ura cikin mota mai rubuta sa'o'in. Mu ma muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, amma ta yaya za a tilasta wa mutum hutu alhali ba a tanadar masa amintaccen wurin da zai tsaya ba?

Shawararmu ita ce, masu motoci su sa direba biyu a kowace doguwar tafiya, su kuma yanka musu albashin wata. Gwamnati ta gina wuraren hutu masu ruwa da masallaci da masu gadi. Ƙungiyoyin direbobi su hori 'ya'yansu a kan ƙwaya. Wani zai ce wannan zai ƙara kuɗin dako. Gaskiya ne, amma rigakafi ya fi magani, kuma ba a sayen rai a kasuwa.

Ku kuma malaman makaranta da ma'aikatan ofis, yaron da ya ce direba yake so ya zama, kada ku yi masa dariya. Ku koya masa karatu da lissafi, don ya iya karanta alamun hanya da takardun kayansa, ya kuma san hakkinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.