Wutar FID ta ƙi kamawa? Ku daina ɗora wa filogi laifi

Duk mai aiki da na'urar GC, wadda ke rarrabe sinadarai a ɗakin gwaji, ya san wannan takaicin: injin ya yi ta ƙoƙarin tayar da wutar FID, can sai ya haƙura, allo ya ce ba ta kama ba. Nan take mutane ke odar sabon filogin kunna wuta. Ni kam a ganina asarar kuɗi ce da ta kwanaki, balle ga wanda ke Kumasi ko Injamena, da sai kaya sun taso daga Turai samfura na jibge suna jira.

Gwada filogi ai minti ɗaya ne. Lokacin da injin ke kunnawa, duba daga gefe, kada ka kai fuska saman bututun. In wayar ta yi ja, ƙyale ta.

Yawanci matsalar tana wajen gas. FID na son haidurojin wajen mililita 30 zuwa 40 a minti, iska kuma 300 zuwa 400. Nan ne allo ke yaudarar mutane. A injuna da yawa, lambar da kake gani lissafi ce daga matsin gas, ba awon abin da ya fita ba. In ɗan bakin da wutar ke tsayawa a kai, wato jet, ya toshe da datti, allo zai ci gaba da nuna 35 hankalinsa kwance alhali abin da ke fita bai kai haka ba. Sa ma'aunin gudun gas a bakin bututu, ka auna kowane gas shi kaɗai, wuta a kashe. In kuma yanzu aka canza tukunyar haidurojin, to iska ce ta cika layin, bari ta fice tukuna. Naitirojin in ya yi yawa shi ma yana hure wutar, rage shi har ta kama.

Wani lokacin ma wutar na ci, injin ne bai yarda ba. A Agilent 7890 akwai saitin Lit Offset, wanda ke zuwa a kan 2.0 pA. In gas ɗinka na da tsabta sosai, siginar ba ta kai nan ba, sai injin ya ɗauka wuta ta mutu ya rufe haidurojin. Wutar haidurojin da ƙyar ake ganinta, don haka riƙe sifana mai sanyi a saman bututun: in ta yi raɓa, wuta na ci, saitin za ka sauke. Kuma injin ba zai ma gwada kunnawa ba sai zafin FID ya kai digiri 150.

Masu zura ashana ko laita kuwa, don Allah a bari. Haidurojin na kamawa daga kashi 4 cikin ɗari a iska, kuma in ba a ɗaura kolum ba, ko ba a toshe mahaɗarsa ba, cikin tanda yake taruwa.