Almakashi ko takobi: saƙon da aka kai wa wata kaka a birnin Paris

Wannan makon na ajiye maganar rigakafi da abincin yara a gefe. Labarin wani gida zan ba ku, na karanta shi a aikin dare bayan marasa lafiya sun samu barci, ya hana ni sakewa har asuba.

Gidan Sarki Clovis ne, sarkin Farankawa, mutanen da ƙasar Faransa ta samo sunanta daga gare su. Ya gaji ubansa Childeric wajen shekarar 481, ya rasu a Paris a 511. Sunayen suna da nauyi a baki, ku yi haƙuri, zan riƙa tuna muku matsayin kowa.

Clovis ya bar 'ya'ya maza huɗu. Babbansu Theuderic ɗan wata mata ce daban. Sauran ukun 'yan ɗaki ɗaya ne, 'ya'yan Sarauniya Clotilde, 'yar gidan sarautar Burgundy: Chlodomer ne babba, sai Childebert, sai auta Chlothar. Da uban ya rasu aka raba ƙasar gida huɗu. Theuderic ya zauna a Reims, Chlodomer a Orléans, Childebert a Paris, auta kuma a Soissons.

Duk wadda ta ji wannan tsari za ta ce daga wurin ɗan uba fitina za ta ɓullo. Ku bi ni a hankali.

A shekarar 524 aka kashe Chlodomer a yaƙi da mutanen Burgundy, dangin uwarsa ke nan. Ya bar yara maza uku ƙanana. Auta Chlothar ya auri matar mamacin, kaka Clotilde kuma ta ɗauki jikokinta ta riƙe su a Paris. Wani limamin coci mai suna Gregory na garin Tours, wanda ya rubuta tarihin Farankawa a ƙarshen wannan ƙarni, shi ya kawo abin da ya biyo baya.

Ya ce Childebert ya lura da irin son da uwarsu take yi wa yaran, ya ji tsoron kada ta ɗora su a gadon ubansu. Sai ya aika wa ƙanensa a asirce, suka haɗu a Paris. Daga nan suka aika wa tsohuwa cewa ta turo yaran, za a naɗa su sarauta. Ta yi murna, ta ba su abinci suka ci suka sha, ta sallame su da hannunta. Suna isa aka raba su da barorinsu da masu kula da su.

Sai ga manzo, wani mai suna Arcadius, ya zo wa kaka da almakashi a hannu ɗaya, zararren takobi a ɗaya hannun. A wannan gida dogon gashi shi ne alamar jinin sarauta. Wanda aka aske ya fita daga layin gado. Saƙon shi ne ta zaɓa: a aske jikokinta su rayu ba sarauta, ko a kashe su. Cikin firgita da ɓacin rai, ba ta ma san me take faɗa ba, ta ce in dai ba za su hau gadon ba, gara ta ga gawarsu da ta gan su a aske. Manzon bai jira ta dawo hayyacinta ba. Ya juya da sauri ya ce sarauniya ta yarda.

Chlothar da hannunsa ya kashe babban, Theudebald, mai shekara 10. Na biyun, Gunthar, ɗan shekara 7, ya rungume ƙafafun baffansa Childebert yana roƙo. Childebert ya fashe da kuka, ya roƙi ƙanensa ya bar wannan ɗaya. Auta ya ce ko ya sake shi ko shi ya mutu a madadinsa, tunda shi ya fara ƙulla abin. Ya sake shi. Na ukun, Chlodoald, wasu jarumai ne suka tsere da shi. Daga baya ya aske kansa da kansa, ya bar neman mulki, ya koma hidimar coci. Garin Saint-Cloud da ke kusa da Paris sunansa ya ci har yau.

Kun ga ɗan uban da muka zarga tun farko ba ya wurin. Shaƙiƙan uban yaran ne, waɗanda suka sha nono ɗaya da shi, suka yi wannan aiki, suka kuma raba ƙasar marayun.

Tsohuwa ta binne jikokinta a Paris, ta ƙare rayuwarta a Tours cikin ibada da sadaka. Auta kuwa ya samu abin da yake nema: a 558 duk ƙasar Farankawa ta dawo hannunsa shi kaɗai. Shekara uku kacal ya yi a haka. A 560 ɗansa na cikinsa, Chram, wanda ya yi masa tawaye, ya faɗa hannunsa, ya sa aka ƙone bukkar da yake ciki tare da matarsa da 'ya'yansa mata. A 561 shi ma ya rasu, 'ya'yansa huɗu suka sake raba ƙasar.

Wurin da na fi tsayawa shi ne wurin manzon nan. A aikinmu na jinya, idan muka gaya wa mutum mummunan labari, ba ma riƙe maganarsa ta farko. Mukan ba shi wuri ya zauna, mu ba shi ruwa, mu kira wani nasa, sannan mu sake tambayarsa. Masu aiken nan sun san haka sarai, shi ya sa ba su ba ta lokaci ba. Magana zarar bunu ce, kuma ita suke jira.

Na taɓa ganin ƙaramin irin wannan a wani asibiti da na yi aiki. Magidanci ya cika ko awa ɗaya ba a yi ba, wani ɗan'uwansa ya tsare matar a baranda yana tambayar makullin shago da wayar mamacin. Ta miƙa masa, idonta ko gani ba ya yi. Ban san zuciyarsa ba, wataƙila taimako ya nufa. Amma na san ba lokacin tambaya ba ne.

Ba ina cewa ku zargi dangin mazajenku ba. Baffanni nawa ne suka riƙe marayu tamkar 'ya'yansu, har ba a gane bambanci? Naka sai naka. Sai dai zumunci yana bukatar a taimake shi tun ana da lafiya. Ki zauna da maigida ku san abin da kuka mallaka da inda takardunsa suke. A rubuta, a sa shaidu daga ɓangarenki da nasa. Ku yi maganar wanda zai riƙe yaran idan ta Allah ta kasance. Ranar da aka yi rashi kuma, kada ki sa hannu a takarda, kada ki miƙa makulli, kada ki yanke hukunci a kan yara ke kaɗai. Ki ce a dakata, ki kira wani babba naki ya zauna kusa da ke. Mai kyakkyawar niyya zai jira.

Ku gaya mini a wurin sharhi: kun taɓa yin wannan magana da mazajenku? In kun yi, ta yaya kuka fara ta ba tare da ya ce kina yi masa fatan mutuwa ba? Wata 'yar'uwa tana nan tana neman dabarar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.